Ruwan Farko a Pitowa

Shekara biyu ina tuƙa Nimal,
siririn mutum daga Siri Lanka
mai haƙa burtsatse tsakanin Garwa da Pitowa.
Ni in yi salla, shi ya zauna.
Zama kawai, ƙafa a naɗe, ido a lumshe,
a inuwar mota kafin rana ta buɗe.
Na ce, wa kake kira?
Ya ce, ba kowa, Tanimu, numfashina nake kiwo.
Ya fi akuya ɓarna.

Ran da kunama ta fito daga takalminsa
na ɗaga sufana.
Ya riƙe mini hannu,
ya kife ta da gwangwanin madara,
ya kai ta gindin aduwa.
Na ce, gobe wani za ta harba.
Ya daɗe bai tanka ba.
Ya ce, mai yiwuwa. Ban da amsar wannan.
Na dai ɗauki alkawari irin na mabiya Buddha:
kada in kashe, kada in ɗauki abin da ba a miƙo mini ba,
kada bakina ya zama wuƙa.
Ya ce na bakin ne ke kayar da shi kullum.

Sai Sajo ƙanena ya sayar da gonar babanmu ta Lagdo,
jaka ɗari takwas, ko sallama babu.
Na zo aiki da barandami ƙarƙashin kujera.
Nimal ya gani, bai ce uffan ba.
A ranar rijiya ta kawo ruwa,
ja wur, kamar kunun kanwa.
Ya cika kwalba, ya aza a kan mota,
ya ce kada in taɓa.
Muka ci gyaɗa. Tirelolin auduga suka wuce, guda bakwai.
Da la'asar saman kwalba ya yi garau.
Ya ce, lakar ba ta tafi ko'ina ba,
tana nan a ƙasa, taka ce.
Amma yanzu ka san wanne ne ruwa.
Je wurin ƙanenka jibi.

Na je jibin. Mun yi faɗa duk da haka,
na baki, a gaban inna.

Da damina ta sauka ya koma gida, tsohuwarsa ba lafiya.
Binuwai ta cika, ta janye, ta sake cika.
Yanzu siminti nake kaiwa Marwa.
Sallata tana nan inda take,
sai dai bayan asuba nakan ɗan zauna
in ƙirga numfashi goma.
Wajen na shida akuyar ta tsinke,
ta nufi Lagdo.
In jawo ta, ban dake ta ba.

Sajo ya biya rabi.
Na je sunan 'yarsa, na ci tuwo.
Jiya na ga kunama a bakin randa,
yarana suna barci a tabarma.
Na tsaya da takalmi a hannu,
ina neman gwangwani da ido.