Fegi Uku a Dinajpur

Babana Haripada bai bar mini saniya ba.
Fegi uku ya bari, da tulun iri a bayan ƙofa,
kataribhog, siririya kamar tsinken sakace,
wadda in ta dahu a gidanmu
har karen maƙwabta sai ya ɗaga hanci.

Na farko na dasa shi da tsayuwar watan Shrabon,
ina gudun a ce mace ta makara.
Tofazzal mai shagon taki ya leƙo daga kan kekensa:
"Shefali, ƙara buhu. Bashi ne, sai an yi girbi."
Na ƙara.
Na watsa yuriya kamar mai rabon goron biki,
ganye ya yi kore har ya so ya yi baƙi,
ta kai mini ƙirji, tana rangaji,
masu wucewa kan kunya suna tsayawa su yaba.
Ni kuwa kaina ya kumbura.

Na biyu na dasa shi da shigar Bhadra,
ranar da babana kan cire takalmi ya shiga taɓo.
Taki ya kusa ƙarewa, sai na kasa shi uku:
kaɗan da ta kama ƙasa,
kaɗan da ta fara 'ya'ya,
sauran sai da ta kusa ɗaukar ciki.
Babu wanda ya tsaya kallonta.

Na uku, kogin Punarbhaba ya zauna a kansa
kamar baƙon da bai san sallama ba.
Sai a Ashwin ya tashi.
Na dasa tsohon iri da gwiwa a sanyaye.

Daren Kartik iska ta zo da ruwa a bakinta.
Da asuba na fita da fitila:
doguwar nan ta kwanta rub da ciki,
zangarniya cikin laka, kara ya karye a gwiwa.
Na tsuguna ina ɗaure ta dami-dami,
ƙwari na tashi daga gindinta kamar hayaƙi.
Ta ukun kuma sanyi ya riske ta tana fure,
na murza a tafin hannu, na hura,
rabi ya bi iska.

A kasuwar Birol, Mokbul dillali ba ya yawan magana.
Ya ɗebi ta farko, ya tauna, ya tofar:
"Wannan ta ci taki, ta manta sunanta."
Ya ɗebi ta biyu, ya huɗa mata numfashi a dunƙulen hannu,
ya shinshina, ya rufe ido,
bai ma taya ba, ya ce a kawo sikeli.

Da dare na buɗe tsohon littafin lissafin ɗana Nitai.
Fegin farko: taki, maganin ƙwari, ladan masu tsince ta a laka,
abin da ya saura na Tofazzal ne.
Na uku ya mayar da iri da guminsa, shi ke nan.
Na tsakiya, wanda ba a yaba ba,
shi ya sayi kwanon rufi biyu,
ya biya kuɗin jarrabawa,
ya bar taka ɗari bakwai a ƙullin zanena.

Yau sabuwar shinkafa na tafasa cikin madara da mazarƙwaila.
Ƙamshi ya tsallake dangar gora.
Tofazzal ya aiko yaro da takardar bashi;
na cika masa ƙwarya,
na ce baɗi buhu ɗaya ya isa.