Minti Ukun Baba Sidi

A shagona na Rijiyar Ɗorowa,
inda fanka ke juya zafi ba ta kore shi ba,
lokaci nake yankawa.
Mahauci na da wuƙa, tela na da almakashi,
ni yatsa ɗaya gare ni, da allon kwamfuta.

Jiya na yaye jariri,
na kai shi jami'a kafin shayina ya huce.
Layi ɗaya a kan baƙin allo:
bayan shekara ashirin.
Ba mai tambayar wa ya biya kuɗin makaranta,
wa ya kwana yana yi masa fifita da ƙyanda ta fito.

Jelani bai cika talatin ba.
An barbaɗa masa hoda a gemu, an miƙa masa sanda,
ya tsufa tsakanin azahar da la'asar,
ya wanke tsufan da ruwan buta,
ya hau babur, ya tafi kallon ƙwallo.

Modi darakta ya leƙo bayan isha'i:
"Awa biyu da rabi? Wa ka zamnawa? Rage shi."
Na rage.
Hanyar Illela ta koma ƙiftawar ido.
Na cire gaisuwa, na cire tari, na cire neman takalmi a ƙofar masallaci.
Damina ta sauka ta ɗauke cikin daƙiƙa shida,
gero ya nuna ba wanda ya duƙa.

Sai na iso kan Baba Sidi.

Ba ɗan wasa ba ne.
Baduku ne da suka tarar a rumfarsa,
aka roƙe shi ya zura zare a allura
jarumi ya gitta ta bayansa, shi ke nan.
Minti uku yana nema.
Ya lashi bakin zaren. Ya kuskure.
Ya ɗaga allurar wajen haske, ya runtse ido ɗaya,
hannun na rawa kamar ganyen darbejiya.
Ya kuskure.
Ya yi dariya shi kaɗai,
irin ta wanda suka daɗe suna wannan rigima da idonsa,
jar fata na kwance a cinyarsa tana jira.
Mai kyamara ya manta da jarumi.

Modi ya ce daƙiƙa huɗu ta isa.

Hoda cewa ta yi Jelani ya tsufa, na yarda don an biya ni.
Zaren bai ce komai ba,
amma a bakinsa na ga shekara sittin:
fatun da aka jeme, layun da aka ɗinke,
yaran da suka koyi sana'ar suka bar ta suka kama kabu-kabu.

Kuma an yi sadakar ukunsa
kafin a kawo mini hotunan.

Na san irin wannan jira.
Na taɓa kwana a bencin asibitin koyarwa,
Inna na ciki, ƙofa a rufe,
yatsana na motsi a kan gwiwa
yana laluben wurin tsallakewa.
Agogon bango bai karɓi roƙo ba.
Kowane minti sai da ya zo da kansa,
ya zauna kusa da ni, ya gama abin da ya kawo shi.
Da na san Inna, a daren nan na ƙarasa saninta,
da kaina ma.

Don haka na shiga fagen faɗan jarumi
na sato naushi tara da tsalle biyu,
na gutsuro daga kukan da ya yi yawa,
na haɗa minti uku cif
na mayar wa tsohon abinsa.
Modi bai lura ba tukuna.

Ga kiran asuba daga wajen Mabera.
Man janareta ya kusa ƙarewa.
A kan allo Baba Sidi ya sake lasar zaren,
ya ɗaga allura.
Na ɗauke yatsana.
Bari ya nema.