Kaye Saba'in da Uku

Gidanmu na haya a Garin Malam ƙofa tara ne,
tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya,
kuma kowace ƙofa labule ce kawai.
In Habsu ta yi atishawa a ɗakin ƙarshe
ni ce mai yi mata addu'a.

Kaye saba'in da uku na ɗauko daga lakwal,
jan bik soke a ɗankwali.
Can ma ba sauƙi:
zana ɗaya ce tsakanina da ajin Mushe Lawali,
yaransa su ce bakwai sau takwas,
nawa su ba su amsa.

Na shimfiɗa tabarma bayan la'asar.
Ban kai layi na uku ba
aka zo aron ashana.
Aka zo aron rariya.
Aka dawo da rariyar, da labarin wadda ta fasa ta bara.
Rediyon Baba Kiyari na karanta sanarwar rasuwa,
turmi biyu na gardama,
wani yaro ya tsaya a kaina yana shan rake,
bai ce komai ba, kallo dai.
Wa zan ce wa ya yi shiru?
Su ne suka yi jinyata da damina.

Na ce to, dare ai na kowa ne.
Ƙarfe uku na tashi, tocila a haƙora,
gari ya yi tsit har ina jin tafiyar bik.
Kaye ɗaya. Kaye biyu.
Sai famfo ya yi tari.
Kwana shida bai ce uffan ba, sai yau.
Kafin in rufe shafi
ƙofa tara sun zubo da jarkoki,
ni ma na ajiye Faransancin yara na ruga da tawa.
A Damagaram ba a ce wa ruwa dakata.

Na hau duwatsun Birni ranar Lahadi.
Iska, ƙadangare, rufin gari a ƙasa.
Na buɗe jaka ke nan
sai "Madam! Madam!" daga bayan dutse,
'yan ajina huɗu da akuyarsu,
kowa na son ganin nawa ya ci.

Inda na same shi ba nema na je ba.
Tiya biyu ta gero na kai injin Mutari,
kwano goma sha huɗu a gabana.
Na zauna kan tsohuwar taya.
Ya ja igiya,
inji ya buɗe baki ya haɗiye unguwa.
Ina ganin leɓuna na motsi, ba kalma.
Wata ta gaishe ni da hannu, na amsa da hannu,
magana ta ƙare.
Ashe ƙarar da ba ta san sunanka ba
ɗaki ce mai ƙyaure.

Kaye goma sha ɗaya kafin layi ya zo kaina.
Na ce wa ta bayana ta wuce.
Na ce wa ta bayanta ma.

Yanzu kowace Laraba da Asabar
ni ke karɓar niƙan gidan duka.
Habsu na cewa Allah ya yi mini albarka,
ban gyara mata ba.

Jiya na raba kaye.
Yagana ta buɗe nata, ta hura shafin,
fari ya tashi.
Ta ɗaga yatsa: "Madam,
nawa yana ƙanshin fura."