Jan da Ba Lalle Ba

Da can zoɓo a gefen gona yake,
ba a kiran sa amfani, shinge ne kawai,
don kar garmar maƙwabci ta ci mana kunya.

Abin mata ne. Ganyen mu kaɗa,
gurguzun mu dafa, mu rufe, ya zama daddawa,
jan kuwa, sai ranar suna a jiƙa shi a ƙwarya.

Sai wata Alhamis a Maigatari
na ga Ilu ɗan Tabawa, wanda na goya da zanena,
yana ta “na'am, Alhaji” shi kaɗai kamar mai iska,
ya rataye sikeli a reshen darbejiya.

Wai Alhajin ma yaron wani ne a Ikko,
na Ikkon yaron wani ne a bayan teku.
Na ce, Ilu, to wa ke yanka farashin?
Ya ce, Iya, dala ce.
Na ce, 'yar gidan wa? Aka kwashe da dariya.

A shekarar ne Barau, maigidana,
ya tsaya kan gonar geron da ya gada,
ya ce bana ja za ta sa, daga baki har tsakiya.

Ta kuwa biya, ba zan ci hakkinta ba.
Kwano ya hau ɗaki, babur ya shigo zaure,
faifan sola ya hau katanga yana shan hantsi,
guga ya samu barci a bakin rijiya.

Mu kuma muka zauna ɓara tun asuba,
ƙaiƙayi har gwiwar hannu,
yatsu sun rine, baƙo sai ya ce biki ake.
Tiya goma, ladan da kyar ya sayi man suya.

Damina biyu. A ta uku wayar Ilu ta yi shiru.
Wai an ga ƙwaro a buhu guda
can inda ko a mafarki ban taka ba, aka rufe ƙofa.
Buhu guda!
Namu arba'in na jingine a zaure, ba mai tayi, balle mai saya.

Ranar na san zoɓo ba ya tuƙuwa.
Na leƙa rumbu, ɓera ma ya yi ƙaura.
Mu da ke fid da zakkar dami, ga mu a layin awo,
Barau na kallon ƙasa, a hannunsa igiyar tunkiya.

Autana Ɗanliti bai jira kaka ba.
Ya bi motar dare ta Damagaram, ta Agadas,
an ce yana ɗaukar bulo a Aljeriya.
Abin da ke dawo mana gida
kuɗi ne ta hannun yaro mai na'ura, sai kuma murya.

Jiya jikata Ladiyo ta miƙo mini hoto:
wata mata a Meksiko, gashi har kafaɗa,
kofin gilashi, ƙanƙara, da jan da zan gane ko cikin duhu.
Na daɗe ina duban yatsunta. Ba ja, ba sartse, ba ƙaya.

Ban ji haushinta ba.
Ƙila ita ma an tsawwala mata,
ta tambayi nata Ilun, ya ɗaga kafaɗa, ya nuna waya.

Bana an ce ƙofa ta buɗu.
Ilu ya dawo da sikeli mai ƙifta ido,
Barau ya fara lissafi da yatsu. Na ƙyale shi.

Amma irin geron uwata na cikin gora, ƙarƙashin gado,
kuma kunya bakwai na gabas,
na faɗa masa a gaban 'ya'yansa, nawa ne,
ko dala ta zo da ƙafarta
ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta ce, Iya, mun kwana lafiya?