Tsakanin Hawa na Tara da na Goma

A Penang ruwan sama ba ya sallama.
Ƙarfe biyun dare ya sauko,
biyu da kwata wayata ta yi ƙara:
Zaleha, lifta ta maƙale a asibiti,
tsakanin hawa na tara da na goma.

Na ɗaure jakar sufana a bayan babur,
na bi gadar da ta ratsa teku,
iska na marina da gishiri.

Shekara takwas ke nan da difiloma.
Tana rataye a shagon mahaifiyata a Butterworth,
sama da tukunyar shinkafa mai madarar kwakwa,
tururi ya mayar da gefenta ruwan ƙasa.
Inna na nuna wa masu saye ita
kafin ta miƙa musu canji.

Kawu Teoh ne ya koya mini sauran.
Bai taɓa shiga jami'a ba sai don gyaran liftarta.
Yakan kara kunne jikin ƙofa,
ya rufe ido kamar mai sauraren ciki,
ya ce: igiya ta uku ta gaji.
A buɗe, a tarar da ita ta gaji.
Da tsohuwar zuma ake magani,
amma ranar da ya ajiye aiki
agogon bango suka ba shi,
albashinsa na nan inda ya tsaya tun ina firamare.

Na hau matakala ɗari da tamanin.
A ɗakin inji na saki birki a hankali,
taku ɗaya, taku biyu,
har akwatin ya daidaita da daɓe.
Mai jinya ta fito, da tsoho a kan keke,
ya riƙe hannuna mai baƙin mai
bai tambayi takardata ba.

Da safe Ravindran ya zo da farar hula.
Na girme shi da shekara huɗu.
Shi ke sa hannu, ni ke sa hannuwa.
Na so in ji haushinsa,
sai ya zauna a kan bokiti, ya zaro biro,
ya lissafa nauyi da zafi da shekarun ƙarfe,
ya nuna mini dalilin da zai sa ta sake tsayawa
kafin watan azumi.
Kunnena ya ji ciwon,
lissafinsa ya faɗi sunan cutar.
Wannan kam ban iya ba. Ba zan yi ƙarya ba.

Mei Fong, da muka gama tare,
ta ci bashi ta ƙaro digiri.
Yau tana da ofis mai sanyi da ciwon wuya,
bashin na bin ta kamar jela.
Azlan ko ƙofar jami'a bai leƙa ba,
motoci uku ke yawo da sunansa,
yana ɗaukar masu digiri aiki.
Wa zan tambaya a cikinsu?
Kowa ya ba ni amsa, labarin kansa yake ba ni.

Akwai fom a jakata, ƙarƙashin filaya.
Karatun dare, shekara uku,
ringgit ɗin da zai sayi rufin shagon Inna sau biyu.
Kusurwarsa ta sha man giris.
Na cike sunana. Na cike ranar haihuwa.
Wurin da aka ce "dalili" na bar shi fari.

Ba cewa nake ban isa ba.
Ginin nan ya san hannuna.
Sai dai akwai hawan da maɓallinsa
ba ya kamawa sai da wani mukulli,
ni kuwa ban tabbata ba
ko abin da ke can sama nawa ne,
ko don ana ta dannawa ne nake son dannawa.

Ruwa ya ɗauke.
Na sayi shayi a leda, na zauna bakin gada.
Wayar ta sake ƙara: wani gini, wata lifta.
Na mayar da fom ɗin inda yake,
ban yaga ba, ban aika ba,
na tayar da babur.