Ruwan Laka

Ƙarfe biyun dare aka miƙo min shi
a 'yar kwalba, ko cokali bai cika ba.
Takarda ta ce: Sabitu, tela, Fagge.
An lanƙwasa shi kamar mai jin sanyi,
allura ta bi tsakanin ƙashin baya,
ruwan ya sauko, ɗis, ɗis.

Na ɗaga shi saitin fitila.
Garau, kamar na sabuwar randa.
Da ya yi fari irin tsarin gero
da tuni na san wa zan kama.

Madubi ya nuna min fararen ƙwayoyi
sun yi cincirindo kamar 'yan kallon gobara,
wanda ya cinna wutar ba ya cikinsu.
Sukari na nan, ba a taɓa ba.

Sai na kai wa na'ura mai ninka sawu:
ɗaya ya koma biyu, biyu huɗu,
zafi, sanyi, zafi, zagaye arba'in.
A na goma aka ɗauke wuta.
Batir na kuka, ina ƙirga numfashina
har Gambo ya tada janareto.

A baranda matarsa Sahura na kan benci,
ta rungume takalmansa.
"Jiya da sunan uwarsa ya kira ni," in ji ta.
Na ce a yi haƙuri, ana aiki.

Da kiran assalatu
layi ya tashi daga kwance a allo,
ya hau, ya hau, kamar mai hawan Dala.
Na rubuta sunan bairos ɗin da shuɗin biro,
na ba masinja ya ruga.

Na cire safar hannu.
Har yau ban san fuskar Sabitu ba.