Layin Ƙonannen Kifi

A Tampere, hawa na huɗu na tsohuwar masaƙa,
inda kakata ta saƙa auduga,
ni maɓallai nake saƙawa.
Ƙarfe uku na rana, gari ya riga ya yi duhu.

Wata bakwai ina zana allon nan:
jakunkuna a hagu, jere kamar haƙoran mataji,
hotuna a dama, mitsi-mitsi,
kowanne da ranarsa, da nauyinsa, da lambarsa.
Na ce na gama.
Ashe da sauran rina a kaba.

Aka kawo Veikko Rautio ya gwada mana,
tsohon matuƙin jirgi a tafkin Näsijärvi.
Ya riƙe linzamin kwamfuta kamar ɗanyen ƙwai.
Hotuna dubu goma sha ɗaya ya zo da su
cikin jaka mai suna Sabuwar Jaka,
cikinta wata Sabuwar Jaka,
cikinta wata.

Na ce, nemo mana hoton da ka fi so.
Allo ya tambaye shi shekara. Bai riƙe ba.
Ya tambaye shi wata. Shiru.
Can ya ce, "Ranar da ƙanƙarar tafki ta fara tsagewa ce.
Sirkka na sanye da jar hula,
tana fushi da ni kan kifin da na ƙona."

To, ina zan sa fushi a jerin nan?
Wane layi ne na ƙonannen kifi?

Ya yi ta gangarawa, shayinsa ya huce,
har yatsa ya zame kan maɓallin sharewa.
Akwatin da na rubuta da hannuna ya faɗo:
Ka tabbata?
Ya daɗe yana kallonsa.
Ya ce, "Ranar da ta tafi, ba wanda ya tambaye ni haka."

Ba mu ga hoton ba ran nan.

Na kwana a ofis.
Na ture lambobin gefe,
na bar fili ƙarƙashin kowace fuska,
ɗan kaɗan, daidai abin da zuciya ta riƙe.
Kwandon shara kuwa, na hana shi zubar da kansa.

Da safe Eerikki ya leƙo ta kafaɗata,
ya ce wannan filin ɓarnar wuri ne.
Na ce, i.
Bar shi.